Lafiyar Jiki da Kwanciyar Hankali: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Tahoua da Kewaye

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan ji a layin jiran ganin likita da kuma cikin gidaje a Tahoua da sauran garuruwan Adar, game da yadda ciwon jiki ke taɓa hankali da yadda damuwa ke taɓa jiki. Amsoshin bayani ne na gaba ɗaya, ba za su maye gurbin awon da ma'aikacin lafiya zai yi wa mutum ido da ido ba.

Da gaske ne damuwa tana iya jawo ciwo a jiki?

Gaskiya ne, kuma an san hanyar da abin yake bi. Idan mutum ya firgita ko ya shiga matsi, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zuba sinadaran adiranalin da kotizol cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, hanta ta saki sukari, jijiyoyin wuya da na kafaɗa su ɗaure, aikin narkar da abinci kuma ya ja baya. Wannan shiri ne mai amfani ga manomin da ya yi kiciɓis da gamsheƙa a cikin gonar gero, domin cikin ƴan mintoci haɗarin zai wuce, jiki ya koma daidai. Matsalar tana tasowa ne idan abin da ke tayar da hankalin ba mai wucewa ba ne: bashin da aka kasa biya, rumbun da ya ƙare tun damina ba ta tsaya ba, rigimar gida wadda ake kwana da ita a tashi da ita, ko ɗan da ya tafi cin rani Libiya ko Abijan aka daina jin ɗuriyarsa. A irin wannan hali jiki yakan shafe watanni cikin shirin ko-ta-kwana, garkuwarsa ta yi rauni, barci ya lalace.

An gwada wannan a zahiri. A wani bincike da Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka wallafa a 1991, an ɗiga wa kusan mutum 400 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci a Ingila, sai aka ga waɗanda suka fi fama da damuwa su ne suka fi kamuwa. A 1995 kuma wasu masana a Amurka suka kwatanta yadda ƙaramin rauni ke warkewa a jikin matan da ke jinyar ƴan'uwansu masu ciwon mantuwa da kuma na matan da ba su da wannan nauyi. Raunin masu jinyar ya ɗauki ƙarin kwana 9 kafin ya haɗe.

Ana cewa tunani ne ke sa hawan jini. Idan hankalina ya kwanta, zan iya daina shan magani?

A'a, kuma wannan kuskure ne da ya kwantar da magidanta da yawa. Ɓacin rai yana ɗaga jini na ɗan lokaci, damuwa mai tsawo kuma tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon zuciya, kamar yadda wani babban bincike da aka gudanar a ƙasashe 52 ya nuna a 2004. Amma hawan jinin da ya zauna, wato wanda awo bayan awo yake nuna 14 bisa 9 ko fiye, yana da wasu tushe: shekaru, gado, ƙiba, ciwon ƙoda, da yawan gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba, kuma a cikin wannan lissafi har da dunƙulen magi da kanwa. Wanda aka ɗora a kan magani, ya biya bashinsa ko ya aurar da ƴarsa ya ji sakayau, sai ya ajiye ƙwayoyin, yakan ci gaba da yawo da tansiyo ba tare da ya ji komai ba, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye.

Bayan shanyewar ma maganar hankali ba ta ƙare ba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira daga wannan ciwo sukan faɗa ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai nauyi da ke daɗewa har ya hana mutum harkokinsa, wanda ya faɗa kuwa yakan ƙi motsa hannu da ƙafar da suka mutu, ya ƙi cin abinci, warkewarsa ta ja baya.

To, ciwon jiki fa, yana iya rikita hankali?

Yana iya, ta hanya biyu. Ta farko ita ce ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana sa sambatu, jijjiga da suma. Sanƙarau, wanda ƙasarmu ta ɗanɗana annobarsa a 2015, yakan bar kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi da wata illa mai daɗewa, kamar kurumta, mantuwa ko sauyin hali. Faɗuwar sukari a jinin mai shan maganin ciwon sukari tana sa gumi, makyarkyata da maganganu marasa kan gado, har a zaci iska ce ta buge shi, alhali kuwa ruwan sukari ne zai dawo da shi idan yana iya haɗiya. Ƙarancin jini, wanda ya yi katutu a jikin mata da yara, yana kawo kasala, bugun zuciya da kasa tattara hankali. Halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, idan ta rage aiki mutum yakan yi sanyi, ya yi nauyi, ya rasa walwala. Idan ta wuce kima kuma sai fargaba, rama da rashin barci. Tsoho da ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, ya daina gane jikokinsa, sau da yawa ciwon mafitsara ne ko ciwon huhu ko ƙarancin ruwa a jiki, bai kamata a ce tsufa ne a zuba masa ido ba.

Hanya ta biyu ita ce nauyin ciwon kansa: zafin da ba ya sauka, kuɗin magani, barin sana'a, da zama abin tausayi a gidan da a da kai ne kake ciyarwa. Wannan hanya ba ta da gaggawar ta farko, amma ta fi ta cin mutane.

An yi mini awo, likita ya ce bai ga komai ba, amma ni ina jin ciwo. Ƙarya nake yi ke nan?

Ba ƙarya ba ce. Ciwon kai, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, zafin tafin ƙafa, jin kamar wani abu yana yawo a ƙarƙashin fata, duk waɗannan ana jin su da gaske ko da awon jini da hoton ƙirji sun fito lafiya lau. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa suna ƙara kaifi idan mutum yana cikin damuwa ko ya daɗe bai yi barci ba, kuma a wurinmu da wuya mutum ya zo asibiti ya ce baƙin ciki ne ya kawo shi, jikinsa ne yake kai ƙara a madadinsa.

A ɗauki misalin wata dattijuwa da ke ta komawa CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, da kukan ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. An gwada ta, babu zazzaɓi, jininta bai hau ba, ta sha farasitamol har ta gaji. Wata rana ma'aikaciyar jinya ta rufe kundin da ke gabanta ta ce, “Inna, yaya barcinki na dare?” Tsohuwar ta ce, “Ƴar nan, rabona da barcin kirki tun kaka.” “Me ya faru da kaka, Inna?” Sai ta yi shiru tana murza bakin mayafinta, can ta ce autanta ne ya hau mota zuwa Agadas, daga nan ba a sake jin muryarsa ba. Babu na'urar awon da za ta nuna wannan, kuma ba a buƙatar komai don a gano shi sai tambaya biyu da ɗan haƙurin sauraro.

A nan akwai gyara ga ɓangarorin biyu. Ma'aikacin lafiya da ya ce wa majinyaci “ba ka da komai” ya sallame shi, ya tura shi ne kai tsaye wurin mai tallan magani a kasuwa. Abin da ya dace shi ne a ce masa awo bai nuna cuta mai haɗari ba, amma ciwon da yake ji na gaske ne kuma yana da magani. Majinyaci kuma kada ya ɗauki tambaya game da gidansa da barcinsa a matsayin raini ko shisshigi.

Me ya sa masu ciwon sukari da sauran cututtuka masu daɗewa suke yawan faɗawa cikin damuwa?

Alƙaluman hukumomin lafiya sun nuna cewa mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi yiwuwar kamuwa da ciwon damuwa da ninki biyu zuwa uku. Abin yana zagayawa ne: kotizol yana ɗaga sukari, sukarin da ya hau yana kawo kasala da yawan tashi fitsari da dare, mai damuwa kuma ba ya kula da lokacin magani, ba ya komawa awo, ba ya duba ƙafarsa. Ga kuma wahalar ƙauracewa fura mai sukari da shayi a cikin jama'ar da kowace hira da su ake yin ta.

Haka abin yake ga mai tarin fuka, wanda zai sha magani na aƙalla wata 6, da mai ɗauke da ƙwayar cutar sida, da iyayen yaro mai amosanin jini waɗanda ke kai da komo zuwa cibiyar kula da wannan ciwo a Yamai. Mafi tsanani a cikinsu, a ganina, ita ce mace mai yoyon fitsari, domin ita ciwon ya haɗa mata da rasa jariri, sau da yawa da saki da ƙyamar dangi. Ana yin aikin ɗinki a Yamai da kuma Danja kusa da Maraɗi, amma wadda aka ɗinke tana buƙatar a karɓe ta hannu biyu a gida kafin a ce ta warke.

Shin tunani ne ke kawo gyambon ciki?

An daɗe ana zaton haka, har sai da wasu likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi ce ke haddasa yawancinsa, aka kuma ba su kyautar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibuprofen da aspirin. Damuwa tana ƙara zafin ciki, tana kawo kumburi, gudawa ko taurin bayan gida, saboda hanji da ƙwaƙwalwa suna da jijiyoyin da ke haɗa su, amma mai aman jini ko baƙin bayan gida asibiti zai nufa, ba rarrashi yake buƙata ba.

Mai jego ta daina walwala, tana kuka ba dalili. Wannan al'ada ce ko ciwo?

Ya danganta da tsawon lokaci da kuma tsanani. A kwanakin farko bayan haihuwa sinadaran jikin mace suna sauka da sauri, mata da yawa sukan yi saurin kuka da saurin fushi, kuma wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ta daina jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da jariri yana barci, tana ganin kanta uwar banza, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana samun matsalar hankali bayan haihuwa, mafi yawa irin wannan. Illarsa ba ta tsaya ga uwa ba, domin shayarwa takan ragu, yaro ya kasa ƙiba. Akwai kuma nau'i mai haɗari, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu cikin 1,000, inda take rikicewa farat ɗaya, tana jin muryoyi ko tana tsoron jaririnta. Wannan a kai ta asibiti a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron.

Kafin a ce tunani ne, a duba jikinta. Wadda ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa za ta yi laushi saboda ƙarancin jini. Wadda ƙafafunta suka kumbura, numfashinta yana sarƙewa idan ta kwanta, mai yiwuwa zuciyarta ce ta gaza, ciwon da likitoci suka daɗe da lura da yawansa a ƙasar Hausa, har suka danganta shi da tsananin zafin wankan jego da yawan kunun kanwa. Al'adar tafiya wanka gidan iyaye kuwa, inda uwa ko goggo za ta ɗauke mata girki da raino har a yi arba'in, kariya ce babba ga hankalinta, kuma abin takaici ne yadda take raguwa a birni. Cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro ta Tahoua wuri ne da za a iya kai irin wannan kuka.

Mene ne matsayin barci a cikin wannan duka?

Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7. Rashin barci yana ɗaga jini da sukari, yana ƙara jin zafin ciwo, yana rage haƙuri, damuwa kuma tana hana barci, sai su riƙa ciyar da juna. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kusan kowa barcinsa yakan ragu. Amma samarin da ke zama a fada suna shan shayi na ɗaya da na biyu da na uku har tsakar dare, da dattijon da ba ya rabuwa da goro bayan Isha'i, su sani cewa kusan rabin sinadarin da ke wartsakar da su yana nan a jini bayan awa biyar.

Ana cewa motsa jiki yana maganin damuwa. Wanda yake noma ko daka duk yini fa?

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma bincike da yawa ya tabbatar yana rage damuwa mai sauƙi da matsakaiciya. Wannan magana ta fi shafar ma'aikacin ofis, ɗan kasuwar da ke yini a zaune a shago, da matar da ba ta fita, waɗanda tafiyar rabin awa bayan Asuba za ta amfane su. Macen da ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta kai abinci gona da goyo a baya, ita hutu da abinci mai gina jiki ne suka yi mata ƙaranci.

Magungunan da ake saya a bakin hanya suna da hannu?

Suna da hannu sosai. Tramol maganin ciwo ne mai ƙarfi, amma ƴan kabu-kabu, leburori da ƴan cin rani da yawa suna shan sa don su jure aiki. Jiki yakan saba da shi har a riƙa ƙara yawa, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ranar da aka rasa shi kuma sai ciwon gaɓoɓi, gumi, fargaba da baƙin rai su taso, shi ya sa barinsa yake buƙatar taimakon ma'aikacin lafiya. Deksametazon, wanda wasu mata ke sha don su yi ƙiba, ɗan'uwan kotizol ne: yana kumbura fuska, yana ɗaga jini da sukari, yana raunana ƙashi, yana hana barci, wani lokaci ya rikita hankali. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta yanke shi dare ɗaya, a hankali ake rage shi bisa umarnin likita.

Idan iyali suna ganin iska ce ko sammu, a je asibiti ko a je wurin malam?

Addu'a, karatun Alƙur'ani da nasihar malami suna sanyaya zuciyar mai imani, kuma babu likitan kirki da zai hana su. Neman magani ma koyarwar addini ce. Abin da ake gudu shi ne jinkiri da cutarwa: a shafe makonni ana turare alhali sanƙarau ne ko zazzaɓi, ko a ɗaure majinyaci da mari, a doke shi, a hana shi abinci. Farfaɗiya misali ce bayyananna. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke damun kimanin mutum miliyan 50 a duniya, ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓa mai shi, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu shi za su iya daina faɗuwa idan suna samun magani a kai a kai. Yaron da aka cire daga makaranta saboda farfaɗiya an ɗora masa ciwo na biyu wanda ba ya cikin ƙwaƙwalwarsa tun farko.

Wanda yake da taɓin hankali mai tsanani, akwai abin lura game da jikinsa?

Akwai, kuma shi ne abin da aka fi mantawa. Masu irin wannan larura suna mutuwa shekara 10 zuwa 20 kafin sauran jama'a, galibi saboda ciwon zuciya, ciwon sukari, tarin fuka da makamantansu waɗanda ba a kula da su ba, don kuwa duk kukan da suka yi sai a ce ciwonsu ne ya motsa. Wasu magungunan taɓin hankali suna sa ƙiba da hawan sukari, don haka a riƙa auna nauyinsu, jininsu da sukarinsu, a kuma kiyaye su daga rana da ƙishirwa a lokacin bazara.

Ina za a fara, kuma yaushe ne abin ya zama na gaggawa?

A fara daga CSI mafi kusa ko asibitin gunduma, daga nan a iya tura mutum babban asibitin jihar Tahoua, idan ta kama har sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai, wanda aka fi sani da Pavillon E. Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne a ƙasar, kamar yadda suke a ƙasashe da yawa, shi ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da likitoci da ma'aikatan jinya na gama-gari don su iya gano damuwa, farfaɗiya da taɓin hankali su kuma fara maganinsu. Mai zuwa asibiti ya tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na kasuwa, ya kuma faɗi yadda barcinsa, cin abincinsa da zaman gidansa suke ko da ba a tambaye shi ba. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu yana hana shi harkokinsa, lokacin zuwa ya yi. Maganin damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin amfaninsa, ana kuma ci gaba da shi na aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi.

Ba a jira gari ya waye idan mutum ya rikice farat ɗaya, musamman tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ko bakinsa ya karkace, ko ƙirjinsa ya riƙe da ciwo mai sauka zuwa hannu, ko jijjiga ta wuce minti 5. Haka nan idan ya fara cewa gara ya mutu ya huta. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta cusa masa ra'ayin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. A zauna tare da shi, a kawar da maganin ƙwari na gona, igiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, sannan wani babba daga cikin dangi ya raka shi asibiti a ranar.